Baƙar bazawara: gizo-gizon da ya cika WhatsApp ɗin Maradi

[Hoto: allon salula, saƙonni na shigowa ɗaya bayan ɗaya]

Assalamu alaikum jama'a. In dai kana da WhatsApp a garin nan, da wuya a ce saƙon nan bai iso ka ba cikin satin nan. Ni sau huɗu ya zo mini: guruf ɗin dangi, na fadarmu, na 'yan ajinmu, sai kuma Inna da ta turo mini ni kaɗai, ta bi shi da kira don ta tabbatar na saurara har ƙarshe.

Hoto biyu ne da murya ɗaya. Na farko gizo-gizo ne baƙi wuluk, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, da jan tabo a jikinsa. Na biyu hannun mutum ne da ya ruɓe. Mun dusar da shi, don na san akwai mai kallon nan da kwanon tuwo a gabansa. Muryar kuwa ta wani bawan Allah ce, yana magana yana haki, wai abin ya shigo ƙasa cikin kwantena, wai dafinsa ya ninka na maciji sau 15, wai wanda ya ciza ba ya kai minti biyar.

Hoton farko gaskiya ne, akwai wannan halitta. Hoto na biyu kuwa aro aka yi aka liƙa mata, kuma a kansa za mu daɗe yau. Amma bari mu fara gaisawa da ita tukuna.

[Bidiyo: gizo-gizon a rataye cikin yanarta, cikinta na kallon sama]

Wanda ya yi lakkol zai ce veuve noire, wato baƙar mace da mijinta ya mutu. Mu ce mata baƙar bazawara, zawarawan da ke kallo su yi mini afuwa, ba ni na raɗa ba. Masana suna kiran danginta Latrodectus, sunan da wani Bafaranshe, Walckenaer, ya sa musu a 1805. Dangin ya haura iri 30.

Ku dubi girmanta kusa da yatsa. Jikin macen bai fi santimita ɗaya da ɗan wani abu ba, kamar ƙwayar gujiya. Namijin ko rabinta bai kai ba, kuma cizonsa ba ya cikin lissafi. Duk maganar da za mu yi, maganar macen ce.

Jan tabon nan, ku lura da siffarsa: faɗi sama, faɗi ƙasa, tsakiya a tsuke. Kalangu ke nan. Kuma a ƙarƙashin cikinta yake. Abin da ya sa ake ganinsa a hoto shi ne a kife take rataya.

[Taswira na juyawa da sauri]

Mu zaga duniya a guje. Amurka ta Arewa na da baƙaƙe iri uku da suka fi suna, ta kudu, ta yamma, ta arewa, kuma wadda ke cikin hotonku kamarsu ce. Ostareliya na da tata, mai jan layi a gadon baya. Daga bakin Bahar Rum har Kazakistan akwai mai ɗige-ɗige 13. Afirka ta Kudu suna kiran nasu da sunan maɓallin riga. Madagaska ma na da tata.

Sai wannan. A tsayar da hoton nan.

[Hoto: mai ruwan ƙasa, ƙafafu masu ratsi, kusa da jakar ƙwanta]

Mai ruwan ƙasa ce, Latrodectus geometricus. Kalangunta ruwan lemu ne ko ruwan ɗorawa, ƙafafunta da ratsi-ratsi. Masana da dama suna ganin Afirka ce asalinta, kuma ta bazu a ƙasashe masu zafi ko'ina a duniya. In har za a yi kiciɓis da wata daga cikin dangin nan a yankinmu, ita aka fi zato. Hanyar gane gidanta mafi sauƙi ita ce jakar ƙwanta: ɗan ƙwallo fari-fari mai tsinaye ko'ina, sai ka ce ƙarangiya.

Batun kwantena, ba zan ƙaryata mai muryar gaba ɗaya ba. Suna bin kaya. Ta Ostareliya an fara ganinta a Osaka ta Japan a 1995, ta kuma zauna. Amma bin kaya daban, mamaye gari cikin sati guda daban.

[Bidiyo: ƙaramin namiji na tafiya a hankali kan yana]

Sunan bazawara ya samo asali ne daga cewa tana cinye mijinta bayan barbara. A na Amurka, yawancin abin da aka gani a cikin kwalba aka gan shi, inda namijin ba shi da wurin gudu. A ta Ostareliya kuwa da gaske ne, har ma shi ne yake yin tsalle ya juya ya kai kansa bakinta. Mu da muka tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, kullum Gizo ne mai wayo. To ga inda wayon ya ƙare. Kodayake ita ma ƙoƙi-ƙoƙin ta gaske an san ta da wannan halin, da alama Gizo bai yi bincike ba kafin ya kai kuɗin aure.

[Komawa hoto na biyu, a dushe]

To, mu dawo kan hannun nan, ku ba ni hankalinku.

Mu a nan, in aka ce wani abu ya ciji mutum, wurin cizon muke fara dubawa. Kububuwa ta sari mutum, ƙafa ta kumbura, jini ya ƙi tsayawa. Zuma ta harbe ka, ga kumburi. Mun saba girman miki shi ne girman haɗari. Shi ya sa wanda ya haɗa saƙon nan ya nemo hoto mafi muni ya ɗora, don idonmu ya yarda.

Ita wannan ba haka take aiki ba. Cizonta kamar sukar allura ne, wani ma ba ya jin lokacin da aka yi. In ka duba wurin, ɗan ja ne kaɗan, wani lokaci ɗigo biyu ƙanana da sai ka matso da fitila. Dafinta ba ya cin nama. Jijiyoyin da ke kai saƙo cikin jiki yake nema.

[Zane: bakin jijiya da tsoka, ƙananan ƙunshi a jere]

Ga yadda abin yake. Duk lokacin da za ka motsa yatsa, jijiya ce ke aika wa tsoka saƙo ta ce ɗaure. Saƙon wani sinadari ne da ke ajiye a bakin jijiyar cikin ƙananan ƙunshi. Ka ɗauke shi kamar mai awon gero a kasuwa: buhu na gabansa, amma tiya-tiya yake aunawa, gwargwadon abin da aka nema.

A cikin dafin akwai wani sinadari, alfa-latrotoksin. Shi ba ya tsayawa ciniki. Yana manne wa bakin jijiyar, ya huda ƙofa, sinadarin kalsiyam ya kwararo ciki, sai duk ƙunshin su fashe lokaci guda. An farke buhun daga ƙasa ke nan. Tsoka ta ji umarnin ɗaure, ɗaure, ɗaure, babu mai cewa saki. Jijiyoyin da ke kula da gumi da bugun zuciya da hawan jini su ma haka.

[Zane: jikin mutum, jan launi na hawa daga ƙafa]

Shi ya sa ciwon yake tafiya. Cikin abin da bai kai awa guda ba zafin yakan fara barin wurin cizon. In a ƙafa ne, ya hau cinya, ka ji kamar kaluluwa a matsematsi, ya shiga mara da ciki da gadon baya. In a hannu ne, hammata, kafaɗa, ƙirji. Ciki ya sandare, ka taɓa ka ji kamar allo. Gumi ya keto, kuma wani gumi ne na ban mamaki, don yakan fito a wurin cizon kaɗai, ko ƙafa ɗaya ta jiƙe ɗayar a bushe. Tashin zuciya, amai, ciwon kai, jini ya hau, mutum ya kasa zama ya kasa kwanciya.

Yanzu ku sa kanku a gidan. Yaro ya dawo daga ɗebo itace, bayan an sha ruwa ya fara murƙususu yana riƙe ciki. An duba jikinsa, babu miki, babu kumburi. Me za a ce? Wani ya ce ya ci wani abu ne. Wata ta ce iska ce. Wani ya ce sammu. Ba wanda zai tuna ɗan abin da ya soke shi a ɗan yatsan ƙafa. Su kansu likitoci a ƙasashen waje an sha samun waɗanda suka ɗauka apandis ne, har aka yi wa wasu aikin da ba sa buƙata.

Saƙon nan ya koya wa mutane su jira ruɓaɓɓen hannu. Wanda ke jiran wannan, alamar gaskiyar za ta wuce ta gabansa bai gane ta ba. Abin da ya fi ba ni haushi da shi ke nan.

[Tsohon hoto baƙi da fari: ɗakin gwaji]

Nan hotuna sun yi mana ƙaranci, sai ku yi haƙuri da labari.

A 1933 wani likita a Jami'ar Alabama ta Amurka, Allan Blair, ya ga ana ta gardama kan ko cizon nan na da illa. Sai ya kama mace ɗaya ya ɗora a ƙaramin yatsansa na hagu, ya bar ta ta cije shi kamar daƙiƙa goma, yana riƙe da alƙalami zai rubuta abin da ya ji. Da farko yana rubutawa da kansa. Zafi ya hau hannu, ya shiga hammata, ya shiga ƙirji. Kafin awa biyu alƙalamin ya gagare shi, mataimakansa suka karɓa, aka kwashe shi sai asibiti, ciki a sandare, magana da ƙyar. Bayan 'yan kwanaki ya tashi garau, kuma yatsan bai ruɓe ba.

Niyyarsa ya sake sa ta cije shi karo na biyu don ya ga ko jiki ya saba. Da ya warke sai ya ce a bar maganar. Ni dai ban ga laifinsa ba.

[Hoto na biyu kuma, sannan hotunan maruru da na ƙwaro]

To hannun da ke cikin saƙon fa? Abubuwan da ke jawo irin wannan mikin suna da yawa. Maruru da ƙwayoyin cuta suka shiga. Gyambon mai ciwon suga. Saran maciji da aka ɗaure da igiya har naman ya mutu. Akwai kuma wani dangin gizo-gizo daban, Loxosceles, wanda shi dafinsa yana iya cin fata, amma ba ɗan gidan bazawara ba ne. Mu kuma da ma duk ƙurjin da aka wayi gari da shi ba a san dalili ba, sai a ce tautau ne. Da damina ka tashi da bororo a wuya kamar an ɗiga maka ruwan zafi, sau da yawa hangara ce ka murje cikin barci, tautau yana can kusurwa bai san hawa ba bai san sauka ba.

[Rubutu a allo: sau 15?]

Maganar sau 15 kuwa, ta daɗe tana yawo, kuma ana gwada dafin ne da na wani macijin Amurka mai ƙararrawa a wutsiya, ɗigo da ɗigo. To amma ɗigo nawa ke gare ta? Maciji zuba maka yake yi. Ita abin da take iya fitarwa ko kan allura bai cika ba. Barkono ya fi tattasai yaji, amma ƙwaya ɗaya a tukunyar biki ba ta hana kowa cin abinci.

A Amurka, inda ake ƙirga abin, cibiyoyin kula da guba suna samun rahoton cizo kusan 2,000 a shekara, kuma da ƙyar ake jin wanda ya mutu. Yawanci ciwon kwana ɗaya zuwa uku ne, kasala ta ɗan biyo baya. Ita mai launin ruwan ƙasa kuwa ta fi sauƙi: a wani nazari na Afirka ta Kudu a 1993, kan mutum 45 da aka ciza, waɗanda mai ruwan ƙasa ta ciza galibi zafin a wurin cizon ya tsaya.

Kuma ba mafaɗaciya ba ce. A 2014 wasu masu bincike a Kaliforniya sun yi yatsun bogi masu laushi suna tsokanar irin ta yammacin Amurka. In aka zungure ta, guduwa take, ko ta dunƙule kamar ta mutu. Sai an matse ta take cizo, kuma ko a nan ba kullum take sakin dafi ba. Dafin nan jarinta ne, da shi take cin abinci, ba ta son ɓarnatar da shi a kan ƙaton da ba za ta iya haɗiyewa ba.

Wannan ba ya nufin a yi wasa. Ƙaramin yaro, tsoho, mai hawan jini ko ciwon zuciya, mace mai ciki, su ne abin ji.

[Bidiyo: hannu ana wanke shi da sabulu, ƙanƙara cikin ƙyalle]

In ya faru, ga abin yi, kuma gajere ne. A wanke da ruwa da sabulu. A naɗe ƙanƙara a ƙyalle a ɗora, ko ledar ruwan sanyi. Parasetamol in akwai. In an kashe abin, a sa gawar a kwalba ko a ɗauki hotonta, amma kada a ɓata lokaci wajen farauta. Da zarar zafi ya fara tafiya, ko gumi, ko ciki ya ɗaure, ko kuma yaro ne ko da bai nuna komai ba, a tari kabu-kabu ko adaidaita sai likita. Kuma a faɗa musu da baki: wani abu ya soke shi a wuri kaza, lokaci kaza, yana cikin aiki kaza. Wannan maganar ita ce za ta hana a yi ta neman ciwon a inda ba ya nan.

Abin da ba a yi: ba a tsagawa da reza, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya ko roba, ba a ƙonawa. Ku tuna buhun nan. Matsalar tana can bakin jijiyoyi, ta riga ta bar wurin da kake yanka. Tsagar za ta ƙara maka mikin da da ma babu shi, ƙazanta ta shiga, bayan sati biyu sai ga hannu irin na cikin hoton, a ce ai ga aikin gizo-gizo. Baƙin dutsen nan da ake liƙawa, ku yi haƙuri, na san akwai masu ji da shi, amma ba ya zuƙo komai.

A asibiti maganin zafi mai ƙarfi ake bayarwa, da mai sassauta tsoka, a auna jini, a duba allurar tetanus. Akwai maganin kashe dafin, wanda ake samowa daga jinin doki. Amurka na da shi tun 1936, Ostareliya tun 1956, Afirka ta Kudu ma na yin nata. Ana ajiye shi ne don wanda abin ya yi wa tsanani, saboda shi kansa jikin wasu ba ya karɓarsa. Mafi yawan mutane ba tare da shi suke warkewa ba. Na maciji kuwa ba ya aiki a nan.

[Bidiyo: tsakar gida a Maradi, kyamara na bin lungu-lungu]

Inda take son zama, kyamara ta nuna muku. Bayan randa. Cikin tsohuwar taya. Ƙarƙashin kujerar roba da ta kwana biyu a waje. Tarin bulo. Itacen girki. Gindin rumbu. Takalmin gona da aka jefar tun bara. Yanarta ba irin mai kyan nan ba ce zagayayya, a hargitse take kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi, kusa da ƙasa, kuma tana da ƙarfi, in ka sa kara za ka ji tana ɗan ƙara.

Sai masai. A Amurka, zamanin da bayan gidansu na waje ne, akwatin katako mai rami, yawancin waɗanda ake kaiwa asibiti maza ne, kuma a wurin zaman nan ake cizonsu. A ina? Ba sai na faɗa ba, akwai yara. Ƙudaje ne ke kawo ta. Ku riƙa haska murfin da tocila da dare.

Kakkaɓe takalmi kafin a sa, wannan kunama ta riga ta koya mana. Ita ce ma, da maciji, suka fi cancantar tsoron da muka kashe a satin nan. A tambayi mutanen Agadas abin da kunama ke yi wa yara lokacin zafi.

[Bidiyo: tsintsiya da dogon kara, ana share yana]

Tsintsiya mai dogon hannu ta isa. A share yanar, a murƙushe jakar ƙwan da kara ko takalmi.

Na faɗi haka ne don abin da ya faru a gidanmu. Ranar da Inna ta ji muryar nan, sai ta aiki yaro ya sayo fiya-fiya, ta rufe ƙofa da taga ta yayyafa ɗakin kaf, har ƙarƙashin katifa, kuma a nan jikokinta biyu suka kwana. Cikin dare ƙaramar ta tashi da tari da amai, idanu na ruwa. Sai da muka fito da su tsakar gida muka shimfiɗa tabarma, da safe muka kai ta likita. Alhamdu lillahi ta samu sauƙi. Washegari na bi gidan da tocila lungu-lungu, na ɗaga randa, na juya tayoyin da ke zaure. Abin da na samu: masu dogayen ƙafafun nan na saman bango guda uku, tsaka ɗaya, da silifas ɗina da na yi wata biyu ina nema.

[Hoto: silifas ɗin, ƙura ta rufe shi]

Na kai wa Inna wannan bidiyon kafin in saka shi. Ta kalla shiru har ƙarshe, ta sa na maimaita mata wurin buhun gero sau biyu. Sai ta ce: "To na ji. Amma tayoyin nan dai a fitar mini da su daga zaure." Na ce to, Inna, Asabar in Allah ya kai mu.